Kile Mai Tsaga Uku

Gara in faɗi raunina tun farko. Shekara goma sha ɗaya ina da ordinatar, wato kwamfuta, har yau da yatsa biyu nake rubutu, in kuwa ta ƙi tashi, iyakar ilimina in ɗan mare ta a gefe in yi bisimilla. Saboda haka ba ni da bakin yi wa Insifekta Magagi dariya. Amma zan ɗan taɓa.

Ranar Litinin ce, ƙarshen watan Mayu. Hadari na ta haɗuwa gabas da Filinge yana watsewa ba ko ɗigo. Magagi na buronsa, wato ofishinsa, a komisariyar 'yan sanda, kwanansa tara da barin taba, ya zauna ya tashi, ya danna bik ɗinsa na rubutu ya sake dannawa, ya leƙa taga kamar wanda aka yi wa alkawarin baƙo.

Baƙon ya zo. Malam Isufu ne, tsohon malamin makaranta, yanzu shugaban wata ƙungiya mai sasanta manoma da makiyaya a ƙasar Kurfai. Sakatariyarsa Zuwaira na biye da shi, kanta a ƙasa.

"Mushe Insifekta, an kashe mu."

Magagi ya kai hannu ga hularsa. "Mutum nawa?"

"Ba mutum ba. Ordinatar."

Magagi ya mayar da hular.

Amma da ya ji bayani sai ya daina danna bik. Shekara biyu ƙungiyar ta yi tana yawo bisa moto, wato babur, ƙauye zuwa ruga, tana ɗaukar muryoyin tsofaffi a kan inda burtali ya bi, wato hanyar shanu, daga Filinge har Bonkuku. Tsoho arba'in da ɗaya. Tara daga cikinsu sun riga sun rasu. Ranar Alhamis za a zauna gaban perefe, shugaban gundumar, a saurari muryoyin, a ja iyaka kafin ruwa ya sauka manoma su yi shuka. Muryoyin wuri biyu suke: cikin ordinatar ƙungiya, da cikin kilen USB guda ɗaya, ɗan ƙarfen nan da ake sokawa a ordinatar a adana abubuwa.

"Ordinatar ta mutu," in ji Isufu. "Kile kuma an musanya shi. Wala, ga shi nan."

Ya ajiye wani baƙin kile a kan teburi, gefensa duk ƙarce-ƙarce.

"Ta yaya kuka gane an musanya?"

Zuwaira ta ce, "Yau da sahe na karɓe shi in buga sunayen tsohwahhin wurin mai fotokopi. Munka soka, sai ga wasu abubuwa da ban taɓa gani ba. Murya ko ɗaya babu."

"Ina ake ajiye shi?"

Ta dubi shugabanta. "Cikin durowa."

"Wa ya shiga buron kwanan nan?"

"Ibrah," in ji Isufu, tun kafin a rufe baki. "Mai gyaran ordinatar na bakin tasha. Ran Juma'a ya zo gyaran na'urar buga takarda, munka bar shi shi kaɗai munka tahi masallaci. Ka kuwa san wa zai aura? Ɗiyar Alhaji Abdulrazak. Ka kuwa san gonar wa ta cinye rabin burtali?"

Magagi ya sani. Duk Filinge ta sani.

Ya bi su buron ƙungiya, ɗaki ɗaya bayan kasuwa. A bango akwai taswira, da wata atestasiyo cikin gilashi mai shaida cewa Malam Isufu ya yi horon kwana uku kan ordinatar a Yamai. Magagi ya danna maɓalli. Na'urar ta yi gurnani, gilashin ya yi baƙi, layi ɗaya na Turancin Ingilishi ya fito ya tsaya. Magagi Faransanci ya karanta, shi ma rabinsa ya koma inda ya fito. Ya gyaɗa kai kamar ya gane.

Daga nan ya yi abin da aka koya masa a makarantar 'yan sanda, wanda shekara goma sha bakwai yana jiran ranar yin sa. Ya sa aka cire wayoyi, aka saka akwatin ordinatar cikin kwalin taliya, ya naɗe kwalin da salatif ta kowace kusurwa, ya buga tampo, wato hatimi, sau shida, ya sa hannu. Ba a taɓa rufe kayan shaida da kyau haka ba a Filinge. Ya kai kwalin buronsa ya ɗora a kan teburi.

Kafin ƙarfe goma perefe ya bugo wa komisar, shugaban su Magagi, waya sau biyu. Ƙarfe goma daidai aka kulle Ibrah.

"Awa arba'in da takwas," in ji komisar. "Laraba ƙarfe goma, in ba ka kawo mini wani ba, shi za mu miƙa. Daga can gidan kaso. Ka ji?"

"Na ji, Shef."

Ibrah mutum ne siriri mai shekara talatin da 'yan kai, yatsunsa duk ƙunar dalma. An fito da shi ya zauna a kan benci yana kaɗa ƙafa. Magagi ma yana kaɗa tasa.

"Ka shiga buron ƙungiya ran Juma'a?"

"Na shiga. Takarda ta maƙale musu a na'ura, na ciro ta."

"Ka buɗe durowa?"

"In nemi mi?"

"Ni ke tambaya. Ka san Alhaji Abdulrazak?"

"Awa yadda kowa ya san shi. Daga nesa."

"Nesa kamar yaya?"

"Gaisuwa ta hanya dai."

"An sa ranarka da ɗiyarsa Sakina bayan damina."

Ibrah ya sosa ƙeya. "To, Shef, nesar ta hwara raguwa."

"Ka yi mini ƙarya a tambaya ta uku. Mutane kan jira ta goma."

"Tsoro na ji. Shef, bari in ga ordinatar ɗin. Minti biyu kawai."

Magagi ya dubi kwalinsa mai tampo shida. Wanda ake zargi ya taɓa kayan shaida? Ko a mafarki.

"A mai da shi ciki," ya ce.

Da rana tsaka ya hau moto ya nufi gonar Alhaji Abdulrazak, kan hanyar Bonkuku. Ya tarar da shi tsaye tsakiyar fili, hannu a baya, yana kallon sama kamar mai jiran mota.

"Alhaji, an ce gonarka ta shiga burtali."

"Ƙarya ta. Tun kakana saniya ba ta taɓa bi ta nan ba."

Magagi ya dubi ƙasa. Takalmin Alhaji na dama yana kan busasshen kashin shanu. Alhaji ma ya duba, ya matsa gefe, ya taka wani.

"Iska ka kawo su," ya ce.

"Ka aiki surukinka ya ɗauko kilen ƙungiya?"

"Kilen mi? Ni kilen tada motata ma direba ka riƙe shi. Ɗana, in na so ɓata zaman Alhamis, sai in kwanta rashin lahiya, ba sai na saci ƙarhe ba. Kuma wane Ibrah? Tun ranar da anka kawo goro gidana Isufu ya hana shi taɓa ordinatar ɗin nan. Ya ce ko ƙura ba zai share mata ba. Shi da kanai zai riƙa gyara, wai ya yi karatun abin."

Magagi ya rubuta wannan a bayan hannunsa, don ya bar littafinsa a buro. A hanyar komawa gumi ya wanke rabin rubutun, amma maganar ta zauna.

Talata da safe aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Magagi ya aro ƙaramar ordinatar ta komisariya, batirinta saura kaɗan, ya ja kujera zuwa ƙofar ɗakin tsaro. Kile ba ya cikin kwali, saboda haka doka ba ta hana kallo ba.

"Ba za ka taɓa ba," ya ce wa Ibrah ta cikin ƙarafuna. "Ni zan danna. Kai ka faɗa mini abin da kake gani."

Ya soka kilen. Jerin sunaye suka fito. Ibrah ya matso da fuskarsa, ya karanta, sannan ya ja tsaki mai tsawo.

"Shef, wanga kilen tada ordinatar na."

"Yi mini Hausa."

"In sistem ya lalace, wato abin da ka tahiyar da ordinatar gaba ɗai, da irin wanga kile aka zuba sabo. Za ka sauko da wani ƙaton fayil daga intanet, ka sa wata 'yar manhaja ta rubuta shi a kile. Sai ka soka, ordinatar ta tashi daga kile maimakon daga cikinta. Amma kahin manhajar ta rubuta, sai ta share dut abin da ke ciki. Tas. Ko hoton uwarka na."

"Ka bar uwata."

"Yi haƙuri, Shef. Buɗe wancan. A'a, na ƙasa. La ilaha illallahu. Wa ya yi wanga aiki?"

"Abin da nake nema ke nan."

"Tsari biyu na akwai, na sabbin ordinatoci da na tsohhi. Ta ƙungiya tsohuwa ta, ni na san ta, ta girmi motar komisar. Wanda ya yi wanga ya zaɓi na sabbi. Ko shekara ya yi yana soka shi, ba za ta san da zamanai ba." Ya kama ƙarafunan da hannu biyu. "Shef, ka ce ni ɓarawo na, na ji, na haƙura. Amma don Allah kada a ji a gari cewa ni na yi wanga kile."

Magagi ya lura mutumin bai yi fushi haka ba ranar da aka kama shi.

"Ana iya sanin lokacin da aka yi shi?"

"Akwai wani ɗan fayil da manhajar ka rubutawa da kanta. Ɗora kibiya a kai. Mi ya ce?"

"Lahadi. Ƙarfe biyu da minti ashirin."

"Lahadi ina kasuwar Baleyara tun asuba, ina gyara wa dillalan shanu wayoyi. Mutum ɗari sun gan ni. Kuma fayil ɗin nan giga biyar na. Da rezon intanet na garin nan, sai mutum ya yini zaune kahin ya sauko."

Gilashin ya mutu. Batir ya ƙare.

Magagi ya kai wa komisar labari da gudu-gudu. Komisar bai ɗago daga takardunsa ba.

"Yana Baleyara. To? Ba shi da aboki? Ya sace na gaske ran Juma'a, abokinsa ya shirya na bogi ran Lahadi. Saura awa ashirin da uku, Magagi."

Ya fito, ya tsaya gaban mai teburin taba na bakin ƙofa har minti ɗaya, ya sayi alawa, ya tauna ta da ƙarfi kamar ita ta yi laifin. Ya tuna bai ji ta bakin makiyaya ba. Ya sake hawa moto.

Rugga Altine, shugaban makiyayan yankin, yana bakin wata rijiya ana shayar da shanu. Tsoho ne dogo, idonsa ɗaya ya fara fari. Muryarsa ce ta goma sha biyu cikin arba'in da ɗayan.

"Baba, ka ji abin da ya faru?"

"Na ji. Sun ce maganarmu ta ɓace. Tawa zan iya sakewa. Ta wana Jaɓɓi fa? Bara munka binne shi."

"An ce an sace kilen, an ajiye wannan a madadinsa."

Ya miƙa masa. Tsohon bai ma duba ba. Ya bi gefen kilen da babban yatsa, sau ɗaya, kamar yadda ake shafa kunnen maraƙi.

"Wa ya ce an sace? Ai shi na."

"Baba, irinsa ɗaya da dubu a kasuwa."

"Ɗana, dubi nan. Biyu a dama, ɗaya a karkace a hagu. Yanzu dubi kunnen waccan saniya."

Magagi ya duba. Biyu a dama, ɗaya a karkace a hagu. Ya dubi ta kusa da ita. Haka. Duk garken haka.

"Bara moton Malam Isufu ya lalace a rugata, ya tahi neman mai gyara, ya bar mini abin nan ya kwana biyu. Ni kuwa abin da ya kwana a hannuna sai na yi mai alama, don kada gobe a ce ba shi anka ba ni ba. Ban gaya mai ba, mi na na gaya mai? A ta ukun wuƙa ta zame." Ya nuna tabo a yatsansa. "Ga shaida."

"Amma an ce cikin durowa yake kwana."

Rugga ya yi dariya har shanu biyu suka ɗago kai. "Durowa? A wuya yake rataye shi da igiya, awa laya. Ko alwala zai yi, sai dai ya juya shi baya."

Magagi ya koma kan moto bai tada shi ba. Ba a musanya komai ba. Ba a saci komai ba. Kilen da aka zuba muryoyin a ciki shi ne wannan, an share shi ne, ranar Lahadi ƙarfe biyu da ashirin, a wani wuri mai rezo da haƙurin yini guda. Wurare irin haka a Filinge ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma mafi ƙarfin rezo na hannun wadda ya fi ƙin zuwa wurinta.

Kubura taubashiyarsa ce, ɗiyar kawunsa, mai siber, wato shagon intanet, kusa da kasuwa. La'asar ta yi lokacin da ya shiga, kuran ya dawo, na'urori huɗu na huci.

"A'a! Ga bawan gidanmu da kaki. An aiko ka shara?"

"Baiwata, yau aiki ya kawo ni. Kin buɗe ran Lahadi?"

"Lahadi ina gida ina wanki. Tambayi kowa."

"Ba wanda ya shigo?"

"Sai dai aljani. Kai da ba ka iya kama ɓarawon akuya ba, aljani za ka kama?"

Magagi ya zauna gaban na'ura ta farko. Da safe ya koyi abu ɗaya a duniya, ɗora kibiya a kan fayil, kuma ya ƙudura sai ya ci moriyarsa. Ya sa ta nuna masa inda abubuwan da aka sauko da su suke taruwa. Ta farko babu. Ta biyu babu. A ta uku ga ƙaton fayil zaune, giga biyar da ɗoriya. Ya ɗora kibiya.

"Lahadi, ƙarfe biyu saura minti goma. Aljaninki ya iya zaman jira."

Kubura ta gyara ɗankwali. Wasa ya fita daga fuskarta.

"Ya ce in ruha mai asiri, aikin ƙungiya na."

"Akwai mutum a kulle, Kubura. Gobe ƙarfe goma za a kai shi gidan kaso."

"Wallahi ban san abin ya kai can ba." Ta zauna. "Tun ƙarhe tara ya buga mini ƙohwa. Ya zo da wayarshi yana kallon wani bidiyo, ya tsai da shi, ya danna nan, ya sake kunnawa. Kuran ya tahi sau ɗaya, ya sake daga hwarko. Ko abinci bai ci ba. Da abin ya sauko sai ya ciro kile daga wuyanshi ya soka. Rubutu ya hito da alamar gargaɗi, ya danna. Ya sake hitowa, ya sake dannawa. Na ce, Malam, ka karanta kuwa? Ya ce, Kubura, ina da atestasiyo."

"Malam Isufu."

"Kai dai ka cika bawa. Atestasiyo nawa ke garin nan?"

Laraba ƙarfe tara motar da za ta ɗauki Ibrah ta riga ta tsaya a tsakar komisariya, direba na goge gilashi. Magagi ya aika a kira Malam Isufu da Zuwaira, wai su sa hannu a takarda. Komisar ya shigo ya jingina da bango yana duban agogo. Aka fito da Ibrah aka zaunar a benci.

Isufu ya shigo da babbar riga da tabarau, ya ciro bik nasa.

"Kafin sa hannu, Malam, akwai abin da ya dame ni," in ji Magagi. "Wannan kilen na bogi. Ibrah ya ce wanda ya yi shi bai taɓa zama gaban ordinatar ba a rayuwarsa."

"Haka ya ce?"

"Ya ce ko jakin mai ruwa aka nuna wa sau ɗaya zai fi haka."

"Ban ce jaki ba, Shef," in ji Ibrah.

"Ka yi shiru. Ya ce aikin jahili ne."

Kunnuwan Isufu suka motsa. "Bon. Ni ban san wanda ya yi ba. Amma a yi adalci. Kilen ba shi da laihi, an bi matakai ɗaya bayan ɗaya. Ordinatar ɗin ta tsuhwa, shi ya sa ta ƙi karɓa."

"Ta ƙi karɓa?"

"Ta ƙi."

"Wa ya gwada?"

Fanka na juyawa a sama.  Komisar ya daina duban agogo.

Magagi ya ɗauki kilen ya juya gefensa. "Tsaga uku, Malam. Alamar shanun Rugga Altine. Shi ya yi ta da wuƙarsa bara, ka ɗauka ƙarcewa ce. Kilenka ne, wanda kake ratayawa a wuya. Ran Lahadi ka yini a siber ɗin Kubura, na'ura ta uku. Fayil ɗin na nan, ita ma tana nan." Ya juya. "Zuwaira, a wace durowa kike ajiye shi?"

Zuwaira ta rufe fuska da mayafi. "Shugaba ya ce in ce haka."

Isufu ya cire tabarau. Ba tare da su ba sai ya koma wani ƙaramin tsoho mai jan ido. Ya nemi kujera ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Ran Asabar na shiga buro in yi ɗan aiki ina sauraren wa'azi," ya ce. "Na gama, na kashe, lahiya lau. Da marece na dawo na kunna, sai baƙin gilashi. Na kashe na kunna ya hi sau ashirin. Zama saura kwana biyar."

"Me ya hana ka kiran Ibrah?"

"Surukin Abdulrazak? In ba shi muryoyin a hannu? Kuma ni na ce wa kowa na iya." Ya juya tabarau a hannunsa. "Bidiyon ya ce a nemo kile mai wuri. Na nemi nawa na wa'azi, ɗan ja, sama da ƙasa, ban gan shi ba. Sai na ce to ga na wuyana. Giga talatin da biyu, muryoyin ko uku ba su cika ba. Na ɗauka awa rumbu na, Mushe Insifekta. Ka zuba sabon hatsi bisa tsoho, tsohon na nan ƙasa. Ban san sai an share rumbun ba."

"Ya tambaye ka sau biyu."

"Da Ingilishi."

"Yaushe ka gane?"

"Litinin, da Zuwaira ta dawo daga mai fotokopi. Mutum tara, Mushe Insifekta. Ni na zauna gabansu bisa tabarma. Ɗaya ya riƙe hannuna ya ce, Malam, ka ajiye maganar nan da kyau, ni ba zan kai baɗi ba. In tsaya gaban perefe da dut ƙasar Kurfai in ce ni na share su da yatsana?"

"Sai ka ce Ibrah ne."

"Shi kaɗai za a yarda da shi ba tambaya." Ya dubi benci, ya kasa kai ido ga fuskar Ibrah. "Ban yi zaton za a kai shi gidan kaso ba. Ko kuwa na yi zato, na ƙi tunawa."

Komisar ya gyara murya. "Ƙarar ƙarya da ƙazafi. A shiga da shi."

Ɗan sanda ya kama hannun rigarsa a hankali, don Malam ɗin ne ya koya masa lissafi a aji huɗu. A bakin ƙofa Isufu ya tsaya, ya cire igiyar da ke wuyansa, ba komai a jikinta, ya ajiye a kan teburi. Aka wuce da shi ɗakin da Ibrah ya fito. A tsakar gida direba ya kashe mota.

Ibrah bai tashi daga benci ba.

"Kana iya tafiya," in ji Magagi. 

"Shef. Yanzu ina iya ganin ordinatar ɗin?"

Magagi ya dubi komisar. Komisar ya ɗaga kafaɗa ya fita. Magagi ya ɗauko reza ya yanka tampo shidan nan da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya.

Ibrah ya ciro akwatin. Bai nemi sukurdireba ba, bai ma kunna ba. Ya juya shi baya, ya bi ramukan da ido, ya sa farce biyu ya zaro wani ɗan jan kile da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya ajiye shi gaban Magagi.

"Wa'azin Malam," ya ce. "Ita wagga in ta tashi, kile take hwara dubawa. Ni na saita ta haka bara, na manta ban mayar ba, wannan laihina na. Ta ga kile, ta nemi sistem a ciki, babu, sai ta tsaya tana hwaɗi da Ingilishi a cire shi. Allah ya so nashi kilen bai yi aiki ba. Da ya iya, da ita ma ya share ta."

Ya jona mata gilashin komisariya da wayoyi, ya danna maɓalli. Ta yi gurnani, ta yi haske. Ya buɗe wani wuri, sunaye suka jeru, arba'in da ɗaya. Ya danna ɗaya. Muryar wani tsoho ta cika buron, a shaƙe, da kukan zakara a bayanta: "Sunana Jaɓɓi. Burtali ya taso daga rijiya, ya bi gabas da tsamiya..."

Zuwaira ta fashe da kuka. Magagi ya lalubi aljihunsa, babu taba, babu alawa.

Daga teburin da kwalin ya kwana biyu a kai zuwa ƙofar ɗakin da Ibrah ya kwana biyu a ciki, taku bakwai ne.